Wace Irin Tocila Ta Dace Da 'Yan Agaji?

Cikin daren Litinin wayewar garin Talata, ran 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya kwararo cikin Maiduguri ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, har da Asibitin Koyarwa na Jami'a. Rabon garin da irin wannan masifa tun 1994. Samarin da suka fara shiga ruwa ceton mata da yara a cikin duhu suka yi aikin, da yawansu kuwa ba su da abin haskawa sai fitilar wayar hannu.

To, ƙungiyoyin agaji na unguwanni da ke samun ɗan tallafi daga masu ba da taimako, tocila na cikin kayan da suka fi bukata. Amma kuɗin tallafi sau ɗaya ake ba da shi, sa'an nan a nemi rasit, don haka in aka yi kuskuren saye ba mai maimaitawa.

Abin da ya fi ruɗin masu saye shi ne adadin hasken da ake rubutawa a jikin kwali, watau lumen. Wannan adadi na sa'ad da aka kunna ne da sabon batir. Bisa ƙa'idar gwaji ta FL1 da aka kafa a Amurka cikin 2009, awoyin da aka rubuta tocila za ta yi ana ƙirga su ne har lokacin da haskenta ya ragu ya koma kashi 10 cikin 100. Ke nan wadda aka ce tana awa shida, a awa ta biyar wataƙila ba ta nuna wa mutum bakin rijiya. Mai matsakaicin haske wadda za ta kai asuba ta fi mai kashe ido wadda za ta mutu tsakar dare.

Sai batun ruwa. Alamar IPX4 tana nufin tocilar ta jure yayyafi da feshi kurum. IPX7 ita ce wadda za ta nutse zurfin mita ɗaya har minti 30 ba ta lalace ba. Wanda zai shiga ambaliya iya ƙirji, wannan ita ce tasa. Kuma tun da mai ɗauke da tsohuwa a baya ba shi da hannun riƙe kome, tocilar goshi ya kamata kowa ya samu, manyan na hannu kuwa biyu ko uku sun ishi ƙungiya.

Batir dai shi ne inda kuɗi ke zurarewa. Mai caji ya fi araha in an daɗe ana aiki da shi, amma sai da wuta. Mutanen Maiduguri ba su manta da yadda aka fasa turakun lantarki cikin Janairu 2021 gari ya daɗe cikin duhu ba. Ƙungiyar da ta zaɓi mai caji tilas ta sa farantin sola cikin lissafi. Ga kuma jabu: batirin 18650 na gaske akasari ba ya wuce kimanin mAh 3,500, amma a kasuwa sai ka ga an buga masa 9,900. Zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 shi ma yana rage masa kwana, musamman in an bar shi cikin mota ko ɗakin kwano.

Batirin yarwa kuwa ana samunsa a kowane kanti har ƙauye, illarsa ita ce in ya daɗe cikin tocila ya kan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. Abin haushi ne a buɗe akwati ran tsautsayi a tarar rabin kayan sun yi tsatsa don ba wanda ya cire batir bayan damina.

Saboda haka gara ƙungiya ta sayi tociloli iri ɗaya masu cin batir iri ɗaya, yadda ɗan agaji zai miƙa wa ɗan'uwansa nasa a cikin duhu. Kafin a biya kuɗin duka, a sayi ɗaya tak, a kunna ta da magariba a duba agogo, in ta mutu a jefa ta cikin bokitin ruwa, a sa mata batir da safe a gani. Wani kaso na tallafin kuma a ware shi don batir na shekara mai zuwa, a rubuta shi cikin takardar neman kuɗin tun farko.