Jemagun Abidjan da Amanar Dajin Banco

Duk wanda ya taso daga kasuwar Adjamé zai gangara Treichville gab da magariba, in ya ɗaga kai a unguwar Plateau kafin ya hau gadar Houphouët-Boigny, zai ga sama ta yi baƙi da jemagu, dubu bisa dubu, waɗanda suka wuni a rataye jikin itatuwan bakin titi, ga su sun tashi neman abinci. Mutane da yawa ba su ɗauke su a bakin komai ba sai hayaniya da ƙazanta, wasu kuwa nama suke gani, su harbo su da danƙo su sayar. Alhali kuwa masana halayyar dabbobi sun tabbatar da cewa wannan halitta manomiya ce wadda ba ta karɓar lada.

Hikimar kuwa ita ce, jemage yakan sha 'ya'yan itace, ya haɗiye ƙananan ƙwayoyinsu, sa'an nan ya kasayar da su yana cikin tafiya, har wani bincike da aka yi a Accra ya nuna yana iya kai iri nisan kilomita 75 daga uwar itaciya. Ta haka ne manyan itatuwa irin su iroko ke tsirowa a inda aka sare daji. Sai dai macen ɗa ɗaya tak take haifa a shekara, saboda haka abin da mafarauta suka kashe cikin mako guda, mayar da gurbinsa sai an yi shekaru.

Gandun Banco, wanda aka keɓe a 1953, mai faɗin hekta fiye da 3,000, yana maƙwabtaka da Adjamé, kuma hukumar kula da gandayen daji ta OIPR da aka kafa a 2002 ita ke riƙe da amanarsa, har an gina masa katanga don tsare shi daga masu cin iyaka. Wannan aiki abin yabo ne, amma katanga ƙasa take tsarewa, ba ta tsare mai fiffike. Muddin ana sare itatuwan da jemagu ke wuni a kansu a tsakiyar birni, to, an raba daji da masu shuka shi.

Wajibi ne, ke nan, hukuma ta riƙa ƙidayarsu a kai a kai, ta hana harbinsu lokacin goyo, ta kuma sa itatuwan Plateau cikin abin da doka ta kare. Malamanmu na masallatan Adjamé da Treichville su ma suna da rabo a wannan aiki, domin Allah ya ɗora wa ɗan Adam halifanci a bayan ƙasa, kuma hana ɓarna yana cikin haƙƙin wannan halifanci.