Likitan Jini Da Rumbunsa

'Yan'uwa manoma, in ciwon jini ya fi ƙarfin asibitin Funtua ko na Malumfashi, akan tura majiyyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kan hanyar Zariya. A can akwai likitan da jini ne aikinsa. Ga yadda yake wuni.

Da safe yakan zaga majiyyata: masu ciwon sikila, da masu kansar jini, da waɗanda jininsu ya ƙaranta. Sa'an nan ya shiga ɗakin gwaji, ya duba ɗigon jini da madubin likita domin ya gane tushen ciwon.

Shi ne kuma mai lura da rumbun jini. Kowace ledar jini sai an gwada ta saboda ƙanjamau, da ciwon hanta iri B da C, da tunjere. Kafin a ƙara wa mutum, sai an tabbata ta dace da jininsa. Ko a firji, jini ba ya wuce kamar kwana 35.

To, babu masana'antar da ke yin jini. Da damina zazzaɓin cizon sauro kan cinye jinin yara, ga kuma mata masu zubar jini wajen haihuwa. In rumbu ba kome, likita ba shi da abin yi.

Abin da akan ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuwa yakan mayar da shi cikin 'yan makonni. Saboda haka kowace ƙungiyarmu ta rubuta sunayen masu lafiya da za su bayar, tun buƙata ba ta zo ba.