Tsohuwar Bindigar Soja Mai Sakata: Tarihinta da Matsayinta a Doka

Bindiga mai sakata ita ce wadda ake ɗana ta da hannu bayan kowane harbi. A bayan bututunta akwai wani ƙarfe mai mariƙi, kamar sakatar ƙofa. Soja yakan ɗaga shi ya jawo baya, kwanson da aka harba ya fice. Sa'an nan ya tura shi gaba, sabon harsashi ya shiga, ya kulle. Da irin wannan bindiga aka yi yawancin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu.

Manyan ƙasashe kowace da tata. Rasha ta ɗauki Mosin-Nagant cikin 1891, Jamus kuma ta ɗauki Mauser cikin 1898, kowaccensu harsashi biyar take ci. Amma wadda mutanen Nijeriya suka fi sani ita ce ta Ingila, watau Lee-Enfield.

Sunan nan biyu ne aka haɗa. Lee shi ne James Paris Lee, wanda ya tsara sakatar da ma'ajin harsashin. Enfield kuwa unguwa ce a arewacin Landan inda ma'aikatar makamai ta gwamnati take a lokacin. Tun 1888 sojan Ingila ke riƙe da bindigar Lee, amma da aka koma ga sabon albarushi marar hayaƙi, sai zafinsa ya riƙa cinye zanen da ke cikin bututu, wanda ke murza harsashi don ya tafi sak. Ma'aikatar Enfield ta fito da zane mai zurfi da ke jure zafin, aka karɓi bindigar cikin 1895. An gajarta ta daga baya, har aka sami samfurin 1907 da ya yi suna, sa'an nan mai lamba 4 cikin 1941.

Fifikonta shi ne sauri. Harsashi goma take ci, ninkin na Mauser, kuma mariƙin sakatarta yana dab da kunama, don haka hannu ba ya yin nisa. Horon sojan Ingila ya bukaci harbi 15 mai kyau cikin minti guda, gwanaye kuwa sukan zarce haka nesa ba kusa ba. An ƙera ta a Ingila, da Lithgow a Ostareliya, da Ishapore a Indiya, miliyoyi da yawa.

Da ita sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi. 'Yan Nijeriya da ke cikin Runduna ta 81 da ta 82 sun saɓa ta a dazuzzukan Bama daga 1943 zuwa 1945, 'yan sanda ma sun daɗe suna aiki da ita bayan samun mulkin kai. Ingila ta fara maye gurbinta da bindiga mai ɗana kanta cikin 1957.

A Turai da Amurka akwai masu tara waɗannan bindigogi kamar yadda ake tara tsofaffin kuɗi. Sukan duba hatimin ma'aikata, da shekarar ƙira, da ko lambar da ke jikin sakata ta yi daidai da ta gangar jiki. Wadda aka yi wa kwaskwarima darajarta takan faɗi, ko da ta fi kyan gani.

Sai dai jama'a su lura, dokar waɗancan ƙasashe dabam, ta Nijeriya dabam. Tsufa ba ya kashe bindiga: wadda ta shekara tamanin, in an kiyaye ta, tana iya hallaka mutum daga nisan yadi ɗaruruwa, mai tsatsa kuwa tana iya fashewa a hannun mai harbi. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa bindigar soja mai cin harsashin .303, watau na Lee-Enfield, cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba mai ikon riƙewa sai da lasin Shugaban Ƙasa. Gado ba ya zama lasin. Duk wanda ya tsinci irin wannan bindiga cikin kayan mamaci, ko a gona, kada ya taɓa kunamarta ko ya yi ƙoƙarin buɗe ta. Ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Mai sha'awar ganin tsofaffin makamai kuwa, akwai Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a Umuahia.