Tarihi a Cikin Faranti: Abincin Bukukuwan Yahudawa

Duk ɗalibin da ya san labarin Annabi Musa da Fir'auna ya riga ya san tushen babban bikin Yahudawa da ake kira Fesak. Ana yin sa a watan Maris ko Afrilu don tunawa da fitowar Bani Isra'ila daga bauta a Masar. A daren farko iyali kan zauna cin abincin da suke kira Seda, inda kowane abu a faranti yake da nasa saƙon.

Ga gurasar nan mai suna matsa, busasshiya, ba yisti. Sun ce kakanninsu sun fito cikin gaggawa, ƙullun bai samu tashi ba. Shi ya sa har yau dole a gasa ta kafin minti 18 su cika daga lokacin da ruwa ya taɓa gari. Kwana 7 ake yi a Isra'ila, 8 a sauran ƙasashe, ba a cin duk wani abin da ya kumbura da tsami.

Akwai ganye ko saiwa mai ɗaci, alamar ɗacin bauta, da ruwan gishiri a madadin hawaye. Ana ajiye gasasshen ƙashi don tuna ragon hadaya da ake yankawa a Haikalin Kudus kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70. Mafi ban mamaki shi ne haroset, wani kwaɓi na tuffa ko dabino da kirfa. Kamanninsa na lakar da bayi suka yi gini da ita ne, amma ga shi da zaƙi, har yara na wawarsa. Ƙaramin yaron gida ne ke yin tambayoyi 4 game da abin da ya bambanta daren, manya su amsa da labarin. Wannan dabarar koyarwa ce da ta fi allo da alli kama zuciya.

A sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, ana tsoma tuffa cikin zuma da fatan shekara mai daɗi. Ana kuma cin rumman, wanda a al'adance ake cewa 'ya'yansa 613 ne, daidai da dokokin Attaura (kada ku ɓata lokaci wajen ƙirgawa, adadin kan bambanta).

Bikin Hanuka kuwa na mai ne. Labarin ya ce ɗan man fitilar kwana ɗaya ya ci kwana 8 a Haikali, don haka sai suya: wainar dankalin Turawa, da fanke mai jam a ciki.