Kaskon Baƙin Mai: Kama da Wane Ba Ta Wane

A ƙarƙashin injin mota akwai wani kasko na ƙarfe inda baƙin mai ke taruwa, wanda makanikai ke ce wa botom-filet. Daga cikinsa ne famfo ke zuƙo mai ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi wurin karanshaf da sauran ƙarafan da ke gogar juna, sa'an nan man ya sake gangarowa. In man nan ya yanke, ko da na ɗan lokaci ne, sai ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga.

A Amirka akwai masu sha'awar sayen tsohuwar mota su ajiye a gida, suna gyara ta kaɗan kaɗan a ranakun hutu. A garuruwan da ke kewaye da Washington, irin su Germantown ta jihar Maryland, mutum yakan sayo sabon kasko, a ido daidai yake da tsoho, amma in ya zo ɗaurawa sai kasko ya ƙi zama. To, mene ne dalili? Dalili shi ne, lalle ne kasko ya dace da abu uku gaba ɗaya.

Na fari shi ne jikin injin kansa. Kamfanin Chevrolet ya fito da wani inji mai silinda 8 cikin 1955, aka yi shekaru da yawa ana ƙera shi, amma ana yi masa 'yan sake-sake. Cikin 1975 aka ƙara kaurin robar da ke toshe gaban kasko. Cikin 1980 aka ɗauke sandar auna mai daga hagu aka mai da ita dama. Cikin 1986 kuma aka sake fasalin robar da ke bayan karanshaf, da tana ɓari biyu, aka mai da ita zobe guda. Saboda haka wanda ya haɗa kaskon wata shekara da robar wata, ko ya tamke kusoshi iyakar ƙarfinsa, mai zai riƙa ɗiga.

Na biyu shi ne ƙarƙashin mota. Kasko yana da wuri mai zurfi, watau rijiyarsa, wadda takan kasance a gaba ko a baya, gwargwadon inda ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji da sandunan sitiyari suka bar fili. Motar Ford Mustang ta 1965 rijiyar kaskonta a gaba take, alhali kuwa ta 1979 babbar rijiyarta a baya take. In aka ɗauki injin waccan aka sa a wannan da kaskonsa, rijiya za ta tokari ƙarfe.

Na uku shi ne ya fi haɗari, gama ido ba ya ganinsa. Bakin bututun da ke zuƙo mai yana bukatar 'yar rata tsakaninsa da gindin kasko, misalin milimita 6 zuwa 10. In ya matsu da gindi ƙwarai, mai ba zai sami hanyar shiga ba. In kuwa ya yi sama, da zarar mota ta sha kwana ko an taka birki, sai mai ya karkata gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Gwanayen aikin suna da wata dabara mai sauƙi. Sukan rufe rariyar, su manna mata ɗan curin yumɓu, su ɗaura kasko da robarsa, sa'an nan su kwance su auna kaurin yumɓun da ya lotse. Wannan kauri shi ne ratar. Sandar auna mai ita ma sai ta dace da zurfin kasko, in ba haka ba ta nuna cike alhali mai bai isa ba.

Wannan matsala ba ta Amirka kaɗai ba ce. Mai neman kayan mota a Ƙofar Ruwa ta Kano yakan gamu da irinta, musamman in an sa wa mota injin da ba nata ba. Ga misali, injin fetur na Peugeot 504, motar da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, a jirkice yake zaune, don haka kaskonsa ma an yi shi ne bisa wannan zama.

Abin da ya kamata mai mota ya yi kafin ya biya kuɗi shi ne ya san lambar inji da shekararsa, ya tafi kasuwa da tsohon kaskon a jera su, ya kuma sayi kasko da bututunsa da robarsa tare. In an ta da inji, fitilar mai ta ƙi mutuwa, a kashe shi nan da nan. Kuɗin kasko kaɗan ne, amma na inji ba kaɗan ba ne.