Kafin Damina Ta Faɗi: Wane Silikon Za Ka Saya Don Toshe Yoyo?

Yau maganar yoyo za mu yi, wato ruwan nan da ke bi ta gefen taga ko ramin ƙusar kwano har ya kumbura fenti, ya lalata silin.

Da yawanmu in mun je shagon kayan gini, cewa kawai muke "a ba ni silikon". To, ba duk abin da ke cikin robar nan ne iri ɗaya ba.

Me ya sa siminti ba ya riƙe gefen taga? Saboda in rana ta buga, alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda kankare ke yi, da dare kuma ya koma. Siminti ba ya talewa, sai ya tsage. Don haka wurin yana buƙatar abu mai danƙo.

Na farko, silikon. Yana jure rana da ruwa sosai, amma fenti ba ya kama shi. Kuma iri biyu ne. Akwai mai warin tsami kamar ruwan khal. Wannan na gilashi da tayil ne. Tsamin nan yana cin kwano, kuma ba ya kama siminti da kyau. Don taga da rufi, nemi wanda aka rubuta "neutral" a jikinsa.

Na biyu, foliyuretan. Yana kama filasta da kankare gam, yana talewa, kuma yana karɓar fenti. Shi ya fi dacewa da tsagar bango ta waje. In ya bushe ka bi shi da fenti, don rana tana tsufar da shi.

Na uku, akirilik. Ya fi araha, ana masa fenti, amma yana motsewa in ya bushe, kuma in ruwa ya same shi ɗanye zai wanke shi. Ka bar shi wa ƙananan tsagu a inda ruwa ba ya duka.

Kafin ka biya, duba ranar lalacewarsa, don wanda ya tsufa yana iya ƙin bushewa. A gida kuma, kankare tsohon gaba ɗaya, ka share ƙurar hunturu, ka bari wurin ya bushe. In ka matsa a kan ƙura, ƙurar ya kama, ba bangon ba. Silikon yana bushewa ne kamar milimita 2 zuwa 3 a yini, don haka kar ka jira sai hadari ya haɗu.

Amma fa in tsagar bango kullum ƙara faɗi take, wannan ta wuce toshiya. A kira magini ya duba tushen ginin.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa.