Wiliyam Jems, malamin da ya yi nazarin sabo

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa duba itacen da ke bakin rijiya? Igiyar guga ba ta da kaihi, amma ta yi mashi gurbi. Jan yau da jan gobe ne suka ci itacen. Wani malami na ƙasar Amurka ya nuna cewa haka sabo yake aiki cikin ƙwaƙwalwar mutum. Sunansa Wiliyam Jems.

An haihe shi a birnin Niyok cikin shekarar 1842. Ubansa mai dukiya ne, amma yaron bai da cikakkar lahiya. Ya fara koyon zane, ya bari. Ya koma karatun likita a Jami'ar Habad, ya gama a 1869, amma bai yi aikin likita ba. Baƙin ciki mai tsanani ya kama shi, har ya ji rayuwa ta ishe shi. A 1870 ya ƙudura a ransa cewa mutum yana da zaɓi, yana iya canza halinsa. Sannu a hankali ya murmure, ya zama malami a wannan jami'a.

Shekara 12 ya yi yana rubuta babban littahinsa a kan halayyar ɗan Adam. Littahin ya hito a 1890. A ciki ya bayyana cewa duk abin da ka maimaita yana barin sawu cikin ƙwaƙwalwa. Ka tuna ranar da ka fara riƙa alli? Hannu yana rawa, zufa tana zuba. Yanzu kuwa kana rubuta sunanka ba tare da tunani ba. To, sabo ke nan.

Ya ba mai neman sabon hali shawara. Ka fara da ƙarhinka, ka gaya wa mutane niyyarka don kunya ta riƙe ka. Kuma kada ka yi fashi tun abin bai kama ƙasa ba, don fashi ɗaya yana ɓata aikin kwanaki da yawa. Nan ne namu ciwon yake. Litinin da Juma'a ana cin kasuwar Maraɗi, sai aji ya rage. Mutumin Jiratawa yana ban ruwa a gandari. Na Tibiri, da ruwan shuka ya sauka, sai ya rataye kaye sai kaka. In ya dawo, rabin baƙaƙen sun gudu. In zuwa aji ya gagara, ko layi biyu ka karanta bayan sallar isha'i.

Akwai inda ban bi shi ba. A ganinsa, yawancin mutane in sun kai shekara 30 halinsu ya daskare. Masu binciken ƙwaƙwalwa na bayansa sun gano cewa tana koyo har tsufa. Ke 'yar'uwa mai jikoki da ke karanta wannan shahi da kanki, ai ke ce shaida.

Jems ya rasu a 1910. Cikin ɗalibansa akwai Du Boyis, baƙar fata ɗan Amurka da ya yi fafutukar 'yancin baƙaƙe. Da ya tsufa ya ƙaura ƙasar Gana, ya rasu a Akara cikin 1963.